HARSHEN RALIYA

Shafi na 14

Da sunan Allah mai rahama.

Ka gan ta. Kada ka ce ba ka taɓa ganinta ba. Ko a kasuwar Dogon Daji, ko a layin rigakafi, ko a gidan suna a unguwarku, ka ga yarinyar da harshenta ya fi ƙarfin bakinta, ya zubo har haɓa, ya bushe ya tsattsage, yawu na bin wuyanta. Me ka yi? Ka ce Allah ya sawwaƙe a zuci, ka mayar da ido kan wayarka. Ke kuma kika ja mayafi kika rufe cikinki, wai kada na ciki ya ɗauko. A cikinku babu wanda ya tsaya ya gaya wa iyayen cewa ana yin aikin nan, ana rage harshen a ɗinke, yaro ya rufe bakinsa ya ci tuwo kamar kowa. Yanzu da labari ya yi daɗi kuna ta turo saƙon neman ci gaba. To ga shi. Ku karanta da idon da kuka hana ta.

* * *

Batula ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba.

A gidan su mijinta Maccido da ke Fakku, 'yar fari ba ta uwa ba ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, in ana maganarta sai ta tashi ta ba da wuri. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Da aka zo yaye, aka ɗauki Raliya aka kai ta Sanyinna wajen Lauratu, yayar Maccido da suke kira Adda, wadda ta yi aure har biyu ba ta taɓa ko ɓari ba. An ce kwana kaɗan ne. Yau yarinya ta doshi shekara huɗu, kuma in Batula ta matsu da son jin lafiyarta, sai dai ta tambayi "ta Sanyinna". Wani cikin bai sake tsaya mata ba.

A faɗi gaskiya, Lauratu ta sha wahala. Ita ke kwana a zaune da yarinya a ƙirji, don in ta kwanta rigingine harshen yakan koma ya tare mata numfashi. Ita ke jiƙa ƙyalle tana goga mata, tana shafa man shanu inda ya tsage. Ita ta kori wanzami da tsintsiya ranar da ya zo da askarsa. Ita ta ji labarin likitocin tiyatar yara da suka sauka a wani asibiti a Tambuwal na 'yan kwanaki da kayan aikinsu, ta goya yarinya ta shiga mota, sannan ta aika Fakku a biyo ta.

Batula ta san duk wannan, kuma sanin ne ke ƙona ta. Da Lauratu muguwa ce, da ta samu abin riƙewa.

Jiya da yamma Likita Gazali ya jawo kujera bakin gadon Raliya, ya ce dukansu su matso zai yi bayani. Dada Fatsuma, uwar Maccido, na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Likita na fara magana, tsohuwa ta yi gyaran murya ta dubi Batula ta wutsiyar ido. Ba sai an faɗa ba. Batula ta ɗauki buta kamar mai zuwa alwala, ta fita.

Daga baranda tana hango su ta taga. Bakin likita na motsi, yana zana wani abu da yatsa a tafin hannunsa, yana nuna wuyansa, yana nuna cikinsa. Lauratu na ta gyaɗa kai kamar ita ta durƙusa ta haihu. Ko kalma ɗaya ba ta iso barandar ba. Da aka gama babu wanda ya maimaita mata, ita kuma da wane baki za ta tambaya?

Yau da safe Lauratu ta wanke yarinya, ta sa mata rigar asibiti, ta miƙe ta dubi kwanon shan da Batula ta tura ƙarƙashin kujera.

"Kar kowa shi ba ta komi," in ji ta. "Ni kaɗai za ni taɓa ta yau."

Ba ta ce likita ne ya ce ba. Ba ta faɗi dalili ba. Kuma ba kowa take kallo ba, Batula take kallo.

Batula ta san wannan muryar. Da ita aka karɓe alewar da ta kai Sanyinna da ƙaramar salla, wai za ta shaƙe yarinya. Da ita aka naɗe rigar da ta ɗinka mata, wai wuyan ya matse. Komai ta kawo, akwai abin da ya hana. Wannan karon fura ta kawo, da nonon saniyarta ta kanta, wadda babanta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Ta dama ta ruwa-ruwa, ta tace, ta sake tacewa har babu tsaki ko ɗaya. A ce ita ma an yanke mata hukunci tun kafin a buɗe kwanon?

Ta koma gefe.

Hantsi ya ɗaga aka aiko a je a karɓo sakamakon jini. Lauratu ta tsallake Batula da ke zaune dab da gado, ta danƙa wa Dada Fatsuma amanar yarinya, ta fita da sauri. Ba a jima ba tsohuwa ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ce bari ta zaga, ta ja ƙafa ta fice.

Sai ga Batula da 'yarta, su biyu, abin da ba a taɓa yi ba tun ranar yaye.

Raliya na zaune a tsakiyar gado cikin rigar da ta yi mata yawa. Ta yi kuka tun asuba har muryar ta dushe, saura shessheƙa. Tana tsotsar bakin zanen gado, harshen ya kwanta a kan haɓarta, ya yi fari-fari don bushewa. Idonta na kan kwanon da ke ƙarƙashin kujera.

Batula ta duba dama ta duba hagu. Matar gadon kusa ta ba su baya tana yi wa ɗanta fifita.

Yarinya ƙarama, a ce ta je gaban wuƙa da ciki wayam? Ko ƙato ne ai sai an ba shi abin da zai riƙe masa zuciya. Duk don Lauratu na son a san ita ce mai iko, ta gwammace yarinya ta galabaita da a ce ta sha daga hannun wata.

Ta jawo kwanon.

Ta san yadda ake yi. Duk zuwan da take yi Sanyinna, tana daga bakin ƙofa tana satar kallo, har ta haddace. Ta gefen hagu ake sa cokali, can bayan tudun harshen, a karkata shi a hankali, a jira maƙogwaro ya motsa. Ta sha gwadawa a ɗakinta a Fakku da cokali babu komai, babu kowa a gabanta.

Yarinya ta ja baya, ta ƙura mata ido irin na rashin sani. Sai ƙamshin nono ya kai mata. Cokalin farko rabinsa ya zube a riga. Na biyu ya wuce. Batula ta ga ɗan maƙogwaron ya hau ya sauka. Kafin ta ɗebo wani, sai ta ji hannu ƙarami, mai ɗumi, ya kama mata wuyan hannu yana jawowa.

Idonta ya cika har ba ta ganin cokalin sosai. "Sha," take cewa ƙasa-ƙasa. "Sha abinki."

Kada mu yi wa kanmu ƙarya, ba tausayi kaɗai ya cika mata zuciya ba. Har da daɗi irin na wadda ta yi nasara. Ashe ba hannun Lauratu ne kaɗai hannu ba. Ashe yarinyar na iya riƙe ta ita ma.

Da ta ji jan ƙafar tsohuwa a baranda, ta rufe kwano, ta goge bakin yarinya da gaban rigar da gefen mayafinta, ta koma inda take kamar ba ta motsa ba.

Lauratu ta dawo ta tarar da yarinya ta yi lamo tana wasa da yatsunta. Ta ɗauke ta tana gaya wa matan ɗakin cewa haka take, in dai ta san Innarta na kusa ba ta da rigima. Batula ta sunkuyar da kai don kada a ga bakinta.

Can sai ga gado mai taya ya shigo, Nas Fiddausi na tura shi. 'Yar nan cikin Tambuwal ce, gajera mai saurin baki, ta san kowace tsohuwa a ɗakin da irin laifinta. Ta tambaya yaushe rabon yarinya da abinci. Lauratu ta amsa da ƙarfinta cewa tun jiya bayan isha'i babu abin da ya shiga bakin nan, ita ce mai tsaro, kuma ba ta gyangyaɗi. Nas ta ce ta ji, amma ita kowa take tambaya, don tausayin kakanni ya sha ɓata mata aiki. Ta juya wajen Dada Fatsuma ta tambaye ta ko ɗan goro ba ta tauna wa ƙawarta ba. Tsohuwa ta buɗe mata baki ta ce ta duba da kanta ta ga ko akwai haƙorin da ya rage na tauna goro. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Nas ba ta tambayi Batula ba. Wa zai tambayi wadda ke rakuɓe a gefe kamar 'yar rakiya?

Tana ɗaura wa yarinya hula tana ci gaba da surutunta, ga duk mai ji. Ta ce ba mugunta ke sa su hana yara abinci ba. In an ba mutum maganin barci, maƙogwaronsa ma barci yake yi, ba ya tare komai. Abin da ke ciki sai ya hauro ya gangara cikin huhu. Ko cokali kaɗan ne, musamman nono. Ta ce ga mai lafiyayyar hanya ma tashin hankali ne, balle wannan da harshe ya riga ya cinye rabin hanyar.

"Irin wannan," in ji ta, "ba kullum ake samun lokacin gyara ba."

Batula ta saci kallon kwanon furar.

Wuya. Ciki. Abin da likita ke nunawa ke nan jiya, tana baranda da buta a hannu.

Aka ɗora yarinya, gado ya fara tafiya. Lauratu na gefe ta riƙe mata ƙafa tana yi mata magana. Dada Fatsuma na biye tana addu'a. Maccido ya taso daga bencin maza ya shiga sahu, hularsa a hannu. Batula ce ta ƙarshe, riƙe da 'yan takalman robar yarinya, don ba a ba ta wani abin riƙewa ba.

Kaɗan ce ai. Ruwa-ruwa ce. Wataƙila ta riga ta sauka. Wataƙila nas ta ƙara gishiri ne don ta tsorata tsofaffi.

In ta yi magana, an fasa aiki. Gobe likitocin nan ke komawa. Kafin magariba duk Fakku ta ji cewa matar Maccido ta faki ido ta ɗura wa 'yar farinta fura, ba kunya ba tsoron Allah, ta jawo aka sallamo su da harshe a waje. Amma ba Fakku ce ta ɗaure mata baki ba, ba kuma Dada ba. Fuskar Lauratu ce. Yadda za ta juyo a hankali, yadda za ta dube ta, yadda daga yau har mutuwa za ta samu abin faɗa: na ce kar a ba ta, ga abin da uwar ta yi.

Tayoyin gado na ƙara a kan siminti. Ƙofar ɗakin tiyata na matsowa, koriya, mai marfi biyu. Nas ta juya ta tura ta da baya, sanyi da warin magani suka fito. Lauratu ta saki ƙafar yarinya. Raliya ta ɗaga kai tana neman ta, sai ta yi wata 'yar gyatsa, ƙarama, irin ta yaron da ya ƙoshi.

"Ku tsaya," in ji Batula.

Babu wanda ya ji. Rabin gadon ya shige.

"Raliya ta sha fura."

Wannan kowa ya ji shi.

Nas Fiddausi ta taka birkin gadon da ƙafa. Ba ta yi faɗa ba, tambaya ta jero: yaushe, me da me, kamar yaya yawanta. Batula ta amsa, idonta a kan takalman da ke hannunta. Nas ta jawo gadon baya, ta ce kada kowa ya gusa, ta shige ciki.

Wadda ta fara samun baki Dada Fatsuma ce. Kuna tsammani jikarta ta tambaya? Kuna tsammani hamdala ta yi da aka tare kafin a shiga?

"Sunanta kinka kira?" in ji tsohuwa. "Gabana?"

Lauratu kuwa ta juyo a hankali, daidai yadda Batula ta hango.

"Da gangan kinka yi."

"Adda, ban sani ba."

"Na ce kar a ba ta komi. Da kunnenki kinka ji."

"Ba ki ce likita yac ce ba. Cewa kinka yi ke kaɗai za ki taɓa ta."

"Da kin zauna jiya da kin ji da kanki."

Batula ta ɗago. Ita kanta ba ta san muryar da ta fito daga bakinta ba. "An ce in tashi, na tashi. Tun randa na haife ta ake tashe ni. Wa yat taɓa ce min zauna?"

Dada Fatsuma ta kama salati. Maccido ya ce don Allah su rufa masa asiri, mutane na kallo, amma babu wadda ta ko waiwaye shi. Lauratu ta matso har Batula na jin hucinta. Ta tambaye ta ina take daren da yarinya ta shiɗe aka yi ta yayyafa mata ruwa. Ina take ranar da matan Sanyinna suka janye 'ya'yansu daga tabarma a gidan biki. Ta tambaye ta ko ta san launin jinin da ke fita in harshen ya tsage da zafin bazara. Batula ta ce ba ta sani ba, kuma ba ita ta zaɓi rashin sanin ba. Ta ce ba ta ba kowa 'ya ba, ɗauka aka yi, nononta na zuba har ya ƙafe babu wanda ya ce mata sannu.

Lauratu ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce a daina yi mata wasan yara, ta san komai. Da babbar salla tana bayan zana tana wanke-wanke ta ji Maccido na gaya wa Dada cewa duk ranar da aka samu aka gyara harshen, yarinya Fakku za ta koma.

Batula ta dubi mijinta. Wannan ne farkon jinta. Maccido ya murza hularsa, ya ce magana ce kawai aka yi, ba a yanke ba.

"Sa'adda harshe ke waje ƙuda na bin shi, ɗiyar Lauratu ta," in ji Lauratu. "Yau za a maida shi ciki ta yi kyau, sai ga uwa ta fito, sai ga uba." Ta dafa ƙirjinta. "Tun randa anka kawo min ita nika jiran in ji ta ce Inna da bakinta, ya fita sosai. Za ku kai ta Fakku ta faɗe shi can."

Batula ta dubi Lauratu. Shekarun nan duka tana kwana da hoton matar nan a ranta, mai ƙoshi, mai iko, wadda ta samu komai. Ba ta taɓa kawowa cewa ita ma a tsorace take kwana ba.

Ƙofa ta buɗe, Likita Gazali ya fito ya sauke ƙyallen bakinsa. Ya tambaya wace ce ta yi maganar. Aka nuna masa. Ya ce ya gode mata, domin da ta yi shiru da yanzu wata maganar ake yi. Ya faɗa da zuciya ɗaya, bai san inda godiyar ta soka ba. Batula ta ga fuskar Lauratu ta rufe kamar an ja ƙyaure.

Ya ce zai mayar da Raliya ta ƙarshe, bayan la'asar, lokacin da cikin ya sauka. In ba a yi yau ba, gobe da safe za su naɗe kaya, sai dai a bi layi a birni, kuma shi ba zai iya cewa wane wata ba. Za a ajiye ta a ƙaramin ɗakin da ke kusa, mace ɗaya tak a tare da ita. Sai kuma abu mafi muhimmanci, a lallashe ta. In ta wuni tana tsala kuka harshen zai ƙara kumbura, majina ta cika mata hanci da wuya, mai ba da maganin barci kuma ba zai karɓe ta a haka ba. Ya tambaya wace ce za ta zauna.

"Ga uwatta nan," in ji Lauratu. "Kun gode mata, ku ba ta."

Ta kwance majanyin da ke ɗaure a ƙugunta, ta ninke shi, ta ajiye a ƙafar gado. Ba ta dubi yarinya ba. Ta saɓa jakarta ta bi baranda, bayanta a miƙe.

Haka Batula ta samu abin da ta yi shekaru tana roƙo. Aka miƙa mata 'yarta a gaban surukarta, a gaban mijinta, aka rufo musu ƙofa.

Raliya ta leƙa bayan Batula, ta leƙa ƙofa, ta fasa ƙara.

Batula ta jijjiga ta. Ta goya ta, yarinya ta banƙare har ta kusa suɓucewa. Ta sauke ta ta rungume, ta samu yakushi a wuya. Ta fara waƙar reno, ba ta san wadda aka saba yi mata ba. Hannun nan da ya kama ta ɗazu, shi ne yanzu ke ture mata fuska. Ba ita yarinyar ta riƙe ba, fura ta riƙe.

Kuka ya ƙi yankewa. Harshen ya tashi daga fari ya koma ja, ya fara duhu a baki-baki. Tsakanin ƙara da ƙara numfashin na fita da wani gurnani. Nas Fiddausi ta leƙo ta fita, ta sake leƙowa ta daɗe tana kallo, wannan karon babu wasa a bakinta. Ta ce in akwai wanda yarinyar nan ke jin maganarsa, a nemo shi yanzu.

Batula ta buɗe ƙofa ta roƙi Maccido ya bi Adda. Ya ce shi ya san halinta, in ta hau ba ta jin kira, a bari ta huce zuwa gobe. Dada Fatsuma ta ce a ƙyale yarinya, in ta gaji za ta yi shiru, su ma haka suka yi renon nasu.

Batula ta dubi uwa ta dubi ɗa. Ta saɓa yarinya a kafaɗa ta ratsa tsakaninsu. Nas na bin ta tana cewa ba a fita da ita, ba ta tsaya ba. Ta sauka baranda ba takalmi, ta ƙetare filin asibiti, mayafinta na jan ƙasa, masu jinya na dare mata hanya.

A gindin dogon yaro, bakin ƙofar asibiti inda 'yan kabu-kabu ke jira, Lauratu ta riga ta hau bayan mashin, jaka a cinya. Mai mashin ya tayar.

Batula ta sha gabansa. Ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban masu rake da masu shayi da duk wanda ke wurin, ta ɗaga yarinya sama da hannu biyu.

"Adda, karɓi ɗiyakki."

Lauratu na kallon titi.

"Ba ta zuwa Fakku. Ni nac ce, ba Maccido ba. Ta kira ki Inna gabana, ba ni cewa komi. Ki dai sa ta yi shiru."

Raliya ta ga wadda take nema. Ta miƙa hannuwa duka biyu, tana shure-shure, tana fitar da wannan sautin da bai taɓa zama kalma ba.

Hannuwan Lauratu na kan jaka. Sun damƙe ta har jijiyoyi sun fito. Ba su motsa ba.

Mai mashin ya waiwayo. "Hajiya, mu tafi, ko sauka za ki yi?"

* * *

Kada ka rubuta min "Allah sarki" a ƙasan shafin nan. Ba ya rage harshen kowa.

Akwai gida a garinku da ake ɓoye irin wannan yaro a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi, kuma ka san gidan. Ajiye wayar nan ka je yau. Ka gaya musu ba maita ba ce, ba bakin wani ba ne, ba aikin aska ba ne, kuma likitocin tiyatar yara na duba shi. In ba su san hanya ba, ka raka su.

Ke kuma da ke da suruka ko ƙanwa ko matar ɗa, ranar da likita ya jawo kujera zai yi bayani a kan ɗanta, na fari ne ko na goma, kika ga ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, ki riƙe mata zane. Ki ce mata ta zauna.